Wa ya kwashe min alewa?

Jama'a, yau na ga gudun Hajiya Ladi, shugabar makarantarmu!

Ina tsaka da koyar da lissafi a aji biyar sai gumi ya karyo min. Na gane suga ne ya sauka, don na yi allurata ta ciwon suga amma ban karya sosai ba. Na lallaɓa ofishin malamai, na ja durowar da nake ajiye alewa saboda irin wannan rana. Wayam! Sai ƙullin garin zogale.

Na ce, "Wa ya taɓa min durowa?"

Hajiya ta ce, "Ni ce, Malama Rabi. Mai ciwon suga da alewa? Kashe kanki za ki yi? Na rabar, na sa miki zogale a madadinta."

Na ce, "Hajiya, ƙasa ya yi! Duhu nake gani!"

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Sai ga ta da lemon kwalba daga shagon bakin titi, tana haki. Na sha, na dawo hayyacina.

Ta ƙura min ido. "Ikon Allah! Ciwon suga, kuma a ba shi suga?"

Da aka tashi na sake jan durowar. Alewa leda guda! Zogalen kuma yana nan, ta ɗora shi a kai.