Malam Habu da Tsohuwar da Ba Ta Kiran Sunan Babana

A wannan watan Malam Habu Mai Salsala ya cika shekara tara da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Mutanen Wudil za su tuna tsohon malamin tarihin nan mai keke, wanda bayan ritaya ya mayar da bin asalin mutane sana'a. In gado ya rikice, ko aure ya tsaya don ana zargin an sha nono ɗaya, shi ake nema. Mu kuwa ba gado ne ya kai mu wurinsa ba. Mahaifina ne yake neman uwarsa yana ɗan shekara kusan sittin.

Hajiya Yalwa, wadda muka tashi muka sani a matsayin mahaifiyar Baba, tana cikin ciwon ajali ta kira shi ta ce ba ita ta haife shi ba. Riƙonsa aka ba ta bayan yaye, kuma ita ta roƙi dangi kada a faɗa masa, don ba ta da wani ɗan. Ta ce uwarsa tana raye. Kafin ya dawo hayyacinsa ya tambayi suna, magana ta ɗauke mata. Baba ya zaga dangi kaf, kowa sai ya ce wallahi shi yaro ne a lokacin. Ina kallon mahaifina yana ramewa, abinci sai an yi da gaske. Tsoronsa ɗaya ne, kada matar nan ta mutu bai taɓa durƙusawa ya gaishe ta a matsayin uwa ba.

Ranar da Malam ya zo zaurenmu na zaci tsofaffin takardu zai nema. Ina! Ya jingine kekensa, ya sha ruwa, ya buɗe littafinsa, ya ce, "Alhaji, a duk tsofaffin matan danginku, wace ce ba ta taɓa kiran sunanka ba?" Baba ya yi dariya, ya ce, "Ai sai Gwaggo Delu ta Lajawa. Wannan ko ganina ba ta so. In na shiga ɗaki a wurin biki, tashi take." Malam ya rubuta a littafinsa.

Dukkanmu mun san kunyar ɗan fari. Mun san uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin fuska a gabansa. Amma da yake mun riga mun san wata uwar, sai muka ɗauki kunyar Gwaggo Delu a matsayin ƙiyayya. Ni kaina na sha cewa tsohuwar nan baƙin hali gare ta. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi gaggawa ba. Na matsa masa ya faɗa wa Baba kawai cewa Gwaggo Delu ce uwarsa, ya harare ni ya ce shi ba ya ɗora wa mutum uwa da zato. Wata uku yana tuƙa keke. A Ɗankaza ya gano ɗan wanzamin da ya yi wa Baba askin suna, wanda ya gaji sanin gidajen da ubansa yake yi wa aiki. A Achika ya zauna da wata makauniyar tsohuwa da ta yi wa Delu rakiya a aurenta na fari. Maganarsu ta zo ɗaya: mijinta na farko yayan mijin Hajiya Yalwa ne, ya rasu ya bar ta da ciki, dangin uba suka karɓi yaron, ita kuma ta yi aure biyu bayan nan. Sai da ya sami bakin mutum biyu da ba su san juna ba, sannan ya dawo gidanmu ya tabbatar wa Baba.

Yau 'ya'yana sun buɗe zauren dangi a waya, suna jera sunayen kakanni, ɗaya ma da ke jami'a yana ba ni labarin gwajin jini da ke nuna dangantaka. Na san Malam ba zai raina wannan ba, mutum ne mai son sabon ilimi. Amma na tabbata zai tambaye su ko sun je Lajawa sun zauna da tsofaffi, tunda na'ura ba za ta gaya maka jinin wa za ka fara gwadawa ba. Tsofaffin kuwa kullum raguwa suke.

Da muka je Lajawa wurin Gwaggo Delu, Baba ya durƙusa a bakin ɗakinta ya ce, "Inna, ina wuni." Ta juya fuska ga bango. Can ta ce da ni, "Ka ba mutumin nan ruwa, ya sha hanya." Wallahi ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ran nan.

Malam bai bar gida mai bene ba, littattafansa ma gara ta ci rabinsu. Amma mu ya bar mana shekara ɗaya da rabi, wadda Baba bai yi fashin zuwa Lajawa ko Juma'a ɗaya ba. Ranar da Inna Delu ta rasu, aka kai ta makwanci, liman ya waiga ya ce babban ɗanta ya shiga ya karɓe ta. Baba ya naɗe hannun riga ya sauka, ba wanda ya tambayi dalili. Malam, mun gode. Allah Ya haskaka kabarinka.