Man da Baba ke wankewa

Gyambon ƙafar Baba ya fara ne da ɗan ƙarfen da ya taka a kasuwar Magazine, wajen sayen kayan mota. Mai ciwon suga ne, sai ciwo ya ƙi warkewa. Likita ta faɗa mana ɓaro-ɓaro: in bai haɗe ba, yanke yatsu za a yi. Ta rubuta wani mai, ta ce irin sinadarin da jikin mutum ke sa fata ta tsiro da shi ne a ciki. A shafa, a naɗe, kada ya ga ruwa sai lokacin canji.

Ni nake shafa masa da hannuna kafin in tafi kasuwa. Makonni suka shuɗe, gyambo sai ƙara baki yake yi. Wallahi ba wanda ban zarga ba. Na koma kemis na yi wa mai shagon tas, na ce jabu ya sayar mini. Maƙwabciyarmu a unguwar Moshi Zango, wadda muke ajiye man a firjinta, na daina amsa gaisuwarta, don a ganina kashe firjin take yi. Likitar ma na fara yi mata kallon mai gwaji da talakawa.

Wata rana na manta makullin rumfa, na dawo gida ana kiran azahar. Ga Baba a bakin rariya, bandeji a gefe, yana dirzar gyambon da sabulu.

"Baba! Me kuke yi haka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Da kunnena na ji likita ta ce man na jikin mutum ne. Wane mutum? Gawar wa? Ba zan tsaya gaban Allah da naman wani a ƙafata ba."

Ashe kullum haka yake yi kafin salla, ya mayar da naɗin tsaf. Raina ya ɓaci. Na ja shi asibiti. Likita ta yi masa bayani a hankali, cewa ba a taɓa gawar kowa ba, wasu ƙwayoyi ne irin na yis ɗin burodi aka koya wa yin sinadarin. Limaminmu ma ya ce in zai yi alwala ya riƙa shafa a kan bandeji, sallarsa ta yi. Baba ya ce to. Irin "to" ɗin nan tasa na san ta.

Ko ya yarda ma, lokaci ya ƙure. Yatsu biyu suka yi baƙi, aka yanke.

Da ya farfaɗo ina riƙe da hannunsa ina kuka. Bai tambayi ƙafar ba. Ya jawo ni kusa, yana kallon ƙofa, ya rage murya.

"Je ki karɓo mini yatsuna. A sa a farin ƙyalle a binne yau. Kada ki bar musu, man nan za su yi da su, a shafa wa wani bawan Allah."

Na je na karɓo.