Hajiya Batulu, Mai Renon Murjani a Manchester

Idan gari ya waye a unguwar Longsight ta Manchester, tun kafin mahauta su ɗaga ƙofofin shagunansu, akwai wata dattijuwa da ke tsayawa a tashar bas ta Stockport Road, jakar abinci a kafaɗa, hannuwa cikin aljihun rigar sanyi. Hajiya Batulu Sa'id ke nan. Bas za ta kai ta wata jami'a a cikin Manchester, ta sauka ƙasan bene zuwa wani ɗaki marar taga, ta tuɓe zobe da agogo, ta ɗauraye hannu har gwiwa da ruwa zalla, ba sabulu. Sannan ta yi bismillah ta fara zagaye.

A ɗakin akwai manyan tankunan gilashi cike da ruwan gishiri mai ɗumi, a cikinsu kuma murjani ne. Ya kamata in yi bayani, domin da yawanmu mun san murjani ne a wuyan iyayenmu mata kawai. Murjani halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, suke haɗuwa dubu-dubu su gina gida mai rassa kamar ƙahon barewa. A teku, waɗannan gidaje su ne garin kifaye. A nan suke ƙyanƙyasa, a nan suke ɓuya, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen mutanen tsibiri.

Aikin Hajiya shi ne ta raya su a ƙasar da ba tasu ba. Tana auna zafin ruwa da gishirinsa, ta goge gansakuka da buroshin haƙori, ta ciyar da su, ta saurari ƙarar injin da ke juya ruwa. Fitilun ɗakin suna kwaikwayon rana da watan wani ƙaramin tsibiri a Tekun Indiya, inda aka ɗauko murjanin, sai dai an karkata lokacin yadda magaribar tsibirin ke faɗuwa da la'asar ɗin Manchester. Sama da shekara ashirin tana wannan hidima. Daga Kano ta biyo mijinta, Malam Sa'id, lokacin da ya zo karatu. Da wanke kwalaben gwaji ta fara, tana kwas da yamma, har aka damƙa mata ɗakin. Ba ta iya iyo ba, ba ta kuma taɓa taka tsibirin ba.

Tana da doka ɗaya da ta sa wa kanta, wadda ta jawo mata surutu a cikinmu, mu Hausawan nan. Duk abin da ke da ƙamshi, ko launi, ko maiƙo, ba ya hawa hannunta. Ba lalle, ba humra, ba man shafawa sai ranar hutu mai tsawo. An sha ce mata ta sa safar hannu ta huta. Amsarta ita ce kaifin murjani yana yaga safa, ruwa ya shiga ya fita, kuma tanki ba teku ba ne da zai haɗiye komai. Na tambaye ta ko an tabbatar lalle yana cutar da murjani. Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Kuma ba a kansu zan gwada ba."

Dalilin wannan tsantseni mai nauyi ne. Bayan an kawo murjanin nan Manchester, ruwan tsibirin ya yi zafin da ba a saba gani ba. Murjanin can ya koɗe ya yi fari fat, galibinsa ya mutu, kifi ya yi ƙaranci, masunta suka koma tafiya nesa a ƙananan jiragensu. Sai ya zama na tankunan Hajiya na cikin ɗan abin da ya rage daga wannan iri. Burin masu binciken shi ne murjanin ya yi ƙwai, a reni 'ya'yan, a mayar da su gida. Murjani kuwa sau ɗaya yake sakin ƙwai a shekara, 'yan kwanaki bayan wata ya cika, kuma shekaru a jere na tankunan bai saki ba.

Abin da zan ba da yanzu daga bakin waɗanda suka gani na ji shi, na kuma koma na sake tambayarsu don kada in ƙara ko in rage.

A shekarar da aka ga alamun ƙwai a cikin rassan ne aka sa bikin Shifa, 'yar Hajiya tilo mace. A Birmingham za a yi, domin a can dangin ango suke, a can kuma gwaggon amarya, Hajiya Raki, ƙanwar Malam Sa'id, take zaune a Perry Barr. Lissafin kowa a ɗakin binciken, har da na Hajiya Batulu, ya nuna sai mako guda bayan biki murjanin zai saki ƙwai. Kowa ya yi hamdala.

Ranar ƙunshi mata suka cika falon Hajiya Raki, turaren wuta na tashi, mai lalle ta zo tun daga Leicester. Har Ruƙayya, ɗalibar da digirinta na uku ya dogara da wannan murjani, ta zauna an zana mata har gwiwar hannu, da niyyar kankare shi kafin aiki ya taso. Da layi ya zo kan uwar amarya, sai ta naɗe hannuwa cikin mayafi.

Hajiya Raki ta ce, "Matar Yaya, miƙo hannu. Yau ba ranar lab ba ce."

"Raki, ki yi haƙuri. Lallen nan ba zai fita cikin mako guda ba."

"To ya daɗe bai fita ba! Uwar amarya guda, hannu fari sol kamar mai wankin kwano a restaurant? Dangin ango za su ce takaba kike yi, ga Yayana can yana cin tuwo da ransa."

Mata suka fashe da dariya. Hajiya Batulu ma ta yi, amma ba ta miƙa hannun ba.

Hajiya Raki ta juya wajen amarya. "Shifa, ki yi wa uwarki magana. Duwatsu ta fi so a kanki."

Shifa ta ce, "Gwaggo, leave it. Tun ina primary haka take. Ni dai Umma ta zauna kusa da ni ranar Asabar, that's all I want."

Hajiya Batulu ta ce, "In Allah ya yarda, zan zauna."

Washegari Juma'a aka ɗaura aure. Da la'asar sai ga waya daga Nentawe, abokin aikinta ɗan Jos, wanda aka bar wa tsaron ɗakin. Ya ce wasu 'yan ƙwai kaɗan sun taso saman ruwa. Duk mai aikin ya san ma'anar haka: babban sakin gobe ne, ba mako mai zuwa ba. Idan ƙwan suka taso kuma, dole a kwashe su nan take, a haɗa na wannan reshe da na wancan kafin su lalace, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba. Shugaban binciken yana can tsibirin. Ruƙayya ta kalli hannuwanta ta fashe da kuka. Hannun da ya ƙware, kuma yake da tsabtar shiga ruwan, ɗaya ne ya rage, shi ne na uwar amarya, goben kuma ita ce ranar walima.

Ba ta ɓoye wa 'yarta ba. Da safiyar Asabar ta shiga ɗakin da ake yi wa Shifa kwalliya, ta sallami kowa, ta yi mata nasihar da uwa ke yi wa amarya kafin a kai ta ɗaki, wadda a ka'ida sai da yamma ake yi. Sannan ta faɗa mata za ta bar wurin taro da azahar.

Shifa ta ce, "Umma, kin yi min alkawari. A gaban mutane kika yi."

"Na yi. Kuma ni ce zan saɓa, ba wani ba. Kina da Gwaggonki, kina da Babanki, ga ɗaki cike da masu son ki. Waɗancan ba su da kowa yau."

"Ba mutane ba ne, Umma."

"Ba mutane ba ne. Amma akwai mutanen da ke cin abinci a bayansu."

Shifa ta juya fuska ga madubi.

Hajiya ta shiga da amarya wurin taro, ta gaisa da dangin ango ɗaya bayan ɗaya, hannu a ƙirji saboda turaren da ke hannun kowa. Da azahar ta fita ta ƙofar baya. Ruƙayya ce ta tuƙa ta zuwa Manchester, dukansu cikin ankon biki. Hajiya Raki, wadda ta fi kowa faɗa, ita ce ta zauna a kujerar uwar amarya, duk wanda ya tambaya kuma ta ce masa, "Aiki ne na gaggawa. Ci abincinka."

Nentawe ya ce bai taɓa ganin abu irinsa ba. Fitilu suka dushe, magaribar tsibiri ta faɗi a ƙasan bene, sai ƙananan ƙwallaye masu launin hoda suka fara fitowa daga rassan suna hawa sama a hankali, har saman ruwan ya rufe. Hajiya ta naɗe hannun leshi zuwa kafaɗa, ɗankwali ya karkace, tana kwasa da ƙaramin kofi tana miƙa masa, ba ta bari na wani tanki ya gauraya da na wani ba. Ruƙayya na gefe a kan tebur da safar hannu biyu-biyu, tana haɗa irin. A daidai wannan lokaci ake ɗaukar hoton dangi a Birmingham.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Galibin 'ya'yan murjanin sun mutu a watannin farko, kamar yadda suke mutuwa ko a teku. Waɗanda suka rayu sun manne a kan ƙananan tayil, Hajiya ta rene su tana goge musu gansakuka ɗaya-ɗaya, har aka sami izinin mayar da su tsibirin. Masu ninƙaya na can, 'ya'yan masuntan, su suka dasa su. Labarin da ya zo bana shi ne wasunsu sun kai girman tafin hannu, kuma an fara ganin ƙananan kifaye suna shiga tsakaninsu. Ruƙayya ta kammala digirinta. Sunan Hajiya yana cikin shafin godiya, layi ɗaya.

Na je wurin Shifa da fargabar kada in tono abin da ya kwanta. Ta ce, "Ka rubuta na yi fushi. Don't make it pretty. Har yau idan na ga hoton nan ba Umma a ciki, abin yana min ciwo. Amma ka rubuta kuma cewa ban taɓa jin ta yi min ƙarya ba. Ta iya sulalewa a ce ciwon kai ne, kowa zai yarda. Ta zo ta tsaya a gabana ta faɗa."

Hajiya, ke ce kika riƙe amanar abin da ba ya magana, ba ya godiya, bai ma san kina nan ba. Ke ce kika ɗauki zunɗen mutanenki shekara da shekaru ba ki rama ba, ba ki kuma yi wa kowa wa'azi ba. Uwar marayun teku, kin biya da abin da ba a mayarwa, kuma ba ki taɓa cewa kuɗin ya yi arha ba.

Ƙarshen watan nan Hajiya za ta ajiye aiki. Ruwan gishiri ya tsattsage mata fata, likitanta ya ce hannuwan su huta. A madadin matasanmu na Manchester da Birmingham, ina miƙa mata godiya, da Malam Sa'id, da Shifa wadda aka ɗauki rabonta aka ba wasu. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiya, ya sa hutun ya zama mai albarka. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu neman aiki kada mu raina aikin ƙasan bene, wanda ba a ɗaukar hotonsa. Idan an ba mu amana, mu tsare ta a ranar da tsaron yake da tsada, mu kuma faɗi gaskiya ga wanda tsadar ta faɗa wa.

Da zan tashi daga gidan Hajiya, na tambaye ta abin da ya fi damuna. Ruwan tsibirin yana iya sake yin zafi, abin da aka dasa ya koɗe kamar na farko. Idan haka ta faru fa?

Ta ce, "Zai iya faruwa. Iyayensu suna nan a tanki, sai a sake. Ni dai da suka zo, sun sami wanda zai tarbe su."