Kaucin Asabe

Abarshi ba ya iya zama. Tun ina yarinya a Madarumfa nake ganinsa, gidansu na jikin namu, ban taɓa ganin ya gama tuwo a zaune ba. Loma biyu, ya miƙe, ya leƙa awaki, ya dawo. Yanzu ya haura sittin, har yau idan yana tafiya kansa a sama yake, yana duba rassan itatuwa, shi ya sa yatsun ƙafarsa ba su rabuwa da tuntuɓe.

Kauci yake nema, ganyen nan da ke tsira a jikin reshen wata bishiya. Gidansu na masu addinin gargajiya ne, kuma ƙa'idar da ya gada ita ce kaucin da za a sha kada ya taɓa ƙasa. Kaucin da ya faɗi ya mutu, ko akuya ba ya ba ta shi. Don haka shi ke hawa ya sara, matarsa Asabe na ƙasa da zane a shimfiɗe bisa hannuwa tana tarewa. Da haka suka tsufa, yana mata faɗa daga sama, tana rama masa daga ƙasa.

Da hawan jini ya kama Asabe, sai neman kaucin ya zama dominta. Tana shan ƙwayoyin asibiti, amma in ba ta kurɓi ruwan kaucin tsamiya da safe ba, sai ta ce jikinta ba nata ba ne.

Sai wani malamin jami'a ya yi bayani a rediyo cewa an samu wasu sinadarai a ganyen kauci masu kare jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana fartanya tsatsa. Ya ce bincike bai ƙare ba, amma wa ya tsaya jin wannan? Samari suka bazama da adda da buhuna, suna kai wa 'yan kasuwa a Ɗan Issa. Sara suke yi ya zube a turɓaya su tattara. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Abarshi kuwa kamar zai haukace. Ya zaga bakin tafki, ya kai Safo a ƙafa, ya dawo hannu wofi, na gida kuma ya ƙare.

A ƙarshe ya hango guda ɗaya a ƙololuwar wata tsohuwar tsamiya, inda samarin suka ji tsoron hawa. Na bi su shi da Asabe, don hankalina bai kwanta ba. Ya hau yana nishi. Asabe ta tsaya a ƙasa, da zanen bisa hannuwanta da ciwo ya raunana.

"Matsa hagu! Ke, mi kike kallo?"

"Kai dai sara, tsoho, kada ka hwaɗo mini bisa kai!"

Ya sara. Kaucin ya bugi zanen, hannunta ya saki, ya gangara ƙasa. Da sauri ta sunkuya ta mayar da shi cikin zanen, ta dube ni. Na kawar da kai.

Da ya sauko ta ce, "Na tare shi."

Ya karɓa, ya juya shi. Ga yashi nan a jikin ganyen, ni ma ina gani. Ya dubi saman tsamiyar, babu saura. Ya dubi hannuwanta. Tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya sa babban yatsa ya share yashin a hankali.

"Kin tare," in ji shi. "Mu tahi ki ɗora ruwa."