Masarar Sarkin Fim

Matso ka zauna, in nuna maka wani mutum a tashar Tudun Wada.

Ga shi can kan benci, dogo ne, gemu ya fara furfura, silifas a ƙafa. Jakar da ya rungume kuwa, bakin alkyabba na leƙowa daga cikinta. Ban san sunansa ba, amma fuskar nan kowa ya san ta. Shi ne ke fitowa a matsayin sarakunan tarihi, tun ana wasa a dandali har aka koma fim. Ko waiwaye zai yi, a hankali yake yi, kamar da rawani a kansa.

Yunwa yake ji, da gani. Ya sayi gasasshiyar masara, ya kai ta baki ke nan, sai wata tsohuwa ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe! Ba kai ne ka gina ganuwa a talabijin ba?"

Ya sauke masarar, ya ɗaga mata hannu. Sarki ai ba ya cin abinci a gaban jama'a.

"Baba, ci abinka," in ji wani ɗan kamasho yana dariya. "Ba kyamara a nan. Sarautar tana cikin jaka."

"Tsohuwar tana kallo," in ji mutumin ƙasa-ƙasa.

Ya naɗe masarar a takarda, ya zura aljihu. Ina jin ko a gidansa sai ya turo ƙofa yake cin tuwo.

Motar Doguwa ta cika, kuma kusa da shi aka ba tsohuwar wuri, sai murna take yi. To a ganinka, zai kai dajin Falgore da ke kan hanya bai taɓa masarar nan ba?