Rabin Maganina

Assalamu alaikum, 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina.

Kun daɗe ba ku ga rubutuna a nan ba, har wasu sun fara yi mini irin addu'ar da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ina nan da raina a gidana na Kankia, kuma da yatsuna nake buga wannan bayani.

Abin ya fara ne da safiya. Sai in tashi in tarar yatsuna sun sandare, gaɓoɓin sun kumbura, ɗaukar butar alwala ta zama aiki. Na ce sanyi ne, na shafa man zafi, na yi shiru. Matar da ta shugabanci makaranta har ta yi ritaya ba ta saba cewa a taimake ta ba.

Autana Kabiru ya zo daga Kaduna ya same ni ina kokawa da makullin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, zaman kaɗaicin nan ya isa. In Babbar Sallah ta zo ba kya iya yi wa kanki hidima, zan zo da mota in kwashe ki."

Na ce masa ni ba buhun gero ba ce. Amma na tsorata. Da albashina na gina gidan nan, ɗaki bayan ɗaki, kuma ban shirya zama baƙuwa a falon kowa ba.

Daga asibitin garinmu aka tura ni babban asibiti a Katsina. Layin kati, ɗibar jini, hoton hannu, sannan a ce ki dawo mako mai zuwa. Gwaje-gwajen sun lashe fanshona na watan.

Likitar ta ce, "Mama, ƙwayoyin garkuwar jikinki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, su ne suka juya suna yaƙar gaɓoɓinki. Ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya, amma akwai maganin da ke kwantar da su."

Da ta ji cewa mu tagwaye ne, ni Hassana da Usaina, kamarmu ɗaya har mahaifinmu yakan ruɗe, kuma ita lafiyarta ƙalau, sai ta ajiye biro. Ashe suna wani bincike a kan haka. Ta ce gadon halittarmu ɗaya ne, kamar littafi guda da aka buga sau biyu, amma rayuwa tana naɗe wasu shafuka tana buɗe wasu: hayaƙin da mutum ya shaƙa, abin da ya ci, cututtukan da ya yi, da shekaru. Rubutun bai canza ba, shafin da ƙwayoyin ke karantawa ne ya bambanta. Ta nemi izinin kwatanta jininmu, a lokacin nan, da kuma bayan 'yan watanni.

Usaina ta taho daga Mawashi, inda take aure, ba tare da gardama ba. A gidanmu ba a yi wa ɗayarmu abu a bar ɗaya. Zane ne, takalmi ne, tsokar nama ce, sai an raba daidai, domin manya sun ce fushin tagwaye ba abin wasa ba ne.

Ta tare a wurina don jinya. Yatsuna ba sa iya ɓalle ƙwaya daga ledarta, saboda haka ita ke ɓallewa. Ni kuwa, don takaicin wai yau ni ake ba magani a hannu, nakan miƙa tafi, in kawar da kai, in haɗiye ban duba ba.

Azumi ya wuce, sauƙi ɗan kaɗan ne. Kabiru ya fara aiko mini hoton ɗakin da ya gyara, har da labule.

Bayan ɗibar jini ta biyu likita ta kira mu tare. Usaina tana fama da miki a baki da kasala, muna ɗauka zafi ne.

Likita ta ce, "Mama Usaina, ƙwayoyin garkuwarki sun ragu, kamar na mai shan maganin Mama Hassana."

Usaina ta gyara mayafi. "To mi ne ne? Rabona nike sha. Tun muna goye ba a ba ta abu a hana ni. Kuma in ciwon ya gama da ita ai wurina za ya biyo, gara ya iske ni a shirye."

Na ce, "Usaina, watau duk watannin nan rabin magani nake sha?"

"Daidai wa daida, malama. Ko ɓari ban cuce ki ba."

Likita ta yi dariya har ta dafe tebur, sannan ta tsuke fuska. Ta ce maganin yana iya taɓa hanta, ya bar mai lafiya ba kariya, kuma kamarmu ɗaya ba ta wajabta mana ciwo ɗaya ba. Aka dakatar da Usaina daga shan maganin, aka ci gaba da duba jininta har ya daidaita.

Ni kuma na koma cikakken magani. Kumburin ya fara sacewa a hankali, sandarewar safiya ta ragu.

Washegarin Babbar Sallah Kabiru ya iso da motarsa. Ya same ni a tsakar gida ina suyar naman layya da kaina. Ya daɗe yana kallon hannuna a kan ludayi, sannan ya ce, "To ɗakin fa, Hajiya?"

Na ce a riƙa sauke baƙi a ciki. Ya koma da soyayyen nama, ni ina gidana.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da masu binciken da suka dubi jininmu da kyau. Na gode wa Kabiru, da ku da kuka yi addu'a, da Usaina, wadda har yau take cewa an zalunce ta.

Shawarata ita ce, in gaɓoɓinku suna sandarewa da safe, kada ku tsaya ga man zafi, ku je a gwada jini. In an nemi jininku don bincike, ku yi tambaya har ku gamsu, sannan ku bayar. Maganin wani ba naku ba ne, ko da ciki ɗaya kuka kwanta.

Kuma duk wanda ke miƙo muku magani, komai ƙaunar da yake muku, ku dubi tafin hannunku kafin ku haɗiye.