Tubalin da ke jin maganar jikana

Ina tsaye a bayan jikana Sadiku, ya juya hoton wani tubali da ke tsakanin fitilu biyu a kwamfuta, fitilar gabas ta kama, ta yamma ta mutu!

Ubansa ne ya turo ni leƙen asiri, wai in wasa yake, zai ƙwace kwamfutar.

Na ce, "Maigidana, wane tsafi ne wannan?"

Ya ce, "Tsohuwa, wasa ne, amma ni na rubuta wa tubalin ya ba da wuta ta inda ya fuskanta kawai, kamar yadda Baba ke buɗe wa kwami ɗaya ruwa a lambu ya toshe sauran."

Na je na ce wa uban, "Ban-ruwa yake, ƙyale shi."

Jama'a, ƙarya na yi?